Daga Babbaƙu Zuwa "Mu Karanta": Tarihin Koyar da Karatu a Ƙasar Gwandu

Liba tana cikin ƙaramar hukumar Maiyama a jihar Kebbi, maƙwabciyar Jega da Aliero, dukansu a ƙarƙashin masarautar Gwandu. Yau in aka ambaci wannan yanki, albasar Aliero da masu ɗorinta ake fara tunawa, sai kasuwar Jega wadda fatake suke yada zango a cikinta tun ƙarni na 19. Amma wani malami da almajiransa ne suka fara shigar da yankin cikin littattafan tarihi.

Malam Abdussalami, ɗaya daga cikin almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya bar ƙasar Gobir da jama'arsa ya zauna a Gimbana, kusa da inda Jega take yanzu. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa garin, ta kashe na kashewa, ta kama na kamawa. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su, kuma wannan ne ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804. Bayan shekaru, Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega. Gwandu kuwa ta zama mazaunin Malam Abdullahi ƙanen Shehu, wanda ya rubuta tafsirin Alƙur'ani da littattafai masu yawa kan fiƙihu da nahawu da sha'anin mulki kafin rasuwarsa a 1829.

Na kawo wannan ne don mu san ƙasar da muke magana a kanta. Duk lokacin da aka fitar da ƙididdigar marasa iya karatu a Nijeriya, jihohin Arewa maso Yamma ne a sahun da ba a so, Kebbi a cikinsu. Abin yana ci mini rai, domin mutanen da suka yi fiye da shekara 200 suna wanke allo ba za a ce ƙin karatu ne ciwonsu ba. Ciwon yana wajen yadda ake koyarwa, kuma yana da tarihinsa.

Makarantar allo ce ta fara amsa tambayar da har yau masana suke taro a kanta: ta ina ake fara koya wa yaro karatu? Amsar malamanmu ita ce babbaƙu. Bayan yaro ya riƙe Fatiha da 'yan gajerun surori da ka, sai malam ya rubuta masa baƙaƙe tsirara, ba wasali ko ɗaya, yana nuna masa da yatsa yana kiran sunayensu. Sunayen nan an yi musu rigar Hausa yadda yaro zai gane siffar kowanne: ha ƙarami, ha mai ruwa, ɗa mai hannu, kaf lasan, mim jaye, nun ara, ha kuri. Mai ruwa shi ne mai ɗigo, mai hannu kuma wanda sanda ta tsaya a kansa. Ɗan shekara biyar yana jin sunan zai nemo siffar da idonsa. In ya ƙoshi da babbaƙu sai a shiga farfaru, a mai da shi farko, wannan karon da wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a da ɗauri, yana haɗa baƙi da wasali yana fitar da gaɓa. Daga nan ake sakar masa hannu ya karanta, can gaba ya ɗauki alƙalami ya rubuta allonsa da kansa.

Akwai wata doka a wannan makaranta wadda a ganina ta fi duk sauran daraja: ba a wanke allo sai yaro ya durƙusa gaban malam ya biya abin da ke kai, shi kaɗai, malam yana ji. Komai hayaniyar almajirai a bakin wuta, kowane yaro yana da lokacin da kunnen malam yake nasa. In ya iya a ce ya wanke, in bai iya ba ya koma ya sake. Ba wanda yake wucewa gaba don shekara ta zagayo.

Tsarin yana da nasa rauni, kuma bai kamata mu ɓoye ba. Yaro yana karanta Larabcin da bai san ma'anarsa ba, fahimta sai in ya kai makarantar ilimi, ga bulala, ga bara a wasu wurare. Sai dai wanda ya iya farfaru, da zarar an rubuta masa Hausa da waɗannan baƙaƙe zai karanta ya gane nan take. Haka ajami ya shiga kasuwa da fada da gidaje. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji ta ba su malfa, suna kai waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci ga matan ƙauyuka, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. A Jega kuma aka haifi Alhaji Aƙilu Aliyu a 1918, ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙoƙin Hausa na ƙarni na 20, kuma da ajami yake rubutu. Sai daga baya aka juya wasu waƙoƙinsa zuwa boko cikin littafin Fasaha Aƙiliya.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903. Lissafinsu da kansu ya nuna sun tarar da makarantun allo sama da 20,000 a Arewa. Duk da haka suka zaɓi baƙaƙen Romawa don rubuta Hausar aikin gwamnati, saboda ya fi sauƙi ga joji da razdan, ya kuma fi sauƙi ga injin ɗab'i. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Daga nan aka sami wani rashin adalci da har yanzu bai gama gyaruwa ba: malamin da yake rubuta wasiƙa ya karanta Risala, in ba ya karanta boko, a takardar gwamnati sunansa jahili. Mutane sun ji zafin wannan, ga kuma zargin da suke yi wa makarantar Nasara game da addinin 'ya'yansu. Wanda bai fahimci wannan ciwo ba ba zai gane dalilin da ya sa aka daɗe ana ɓoye yara a rumbu in an zo ɗaukar 'yan makaranta ba.

'Yan kaɗan ɗin da suka koyi boko kuwa sai suka tarar ba abin karantawa. Wannan ya sa aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zauna a Zariya ƙarƙashin Dokta R. M. East. Gasar da ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da East ya rubuta tare da John Tafida. Magana Jari Ce ya biyo baya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairu 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. A shekarun 1930 ɗin nan ne kuma baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna a rubutu. Mutanen nan sun gane cewa karatu kamar wuƙa yake, in ba a aiki da shi tsatsa yake yi.

A watan Agusta 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, cikin abin da ya kawo har da wayar da kan talaka ya san haƙƙinsa. Zaɓe yana tafe, mulkin kai yana tafe, ga mafi yawan masu jefa ƙuri'a ba sa iya karanta rasit ɗin harajin da suka biya, balle su duba abin da ɗan sikeli ya rubuta a kan gyaɗarsu ko audugarsu. Daga nan aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, zamanin Gwamna Sharwood-Smith, Mai Wandon Ƙarfe, wanda ya taɓa zama Razdan na Sakkwato. Malam Ahmadu Coomassie yana cikin waɗanda suka riƙe aikin.

Yadda aka yi shi ya cancanci a tsaya a kansa. Ba a jira gini ba. Zaure, gindin itace ko ƙofar gidan hakimi sun isa aji. En'e ce take ɗaukar malamin aji, sau da yawa wani ɗan gari da ya ɗan yi elementare, ta ba shi ɗan alawus. Ana zama ne lokacin da manomi ya sami sarari, musamman da rani. Harshen koyarwa shi ne wanda mutane suke ji, Hausa a nan, wasu harsuna a wasu larduna. Hanyar kuwa kusan farfaru ce da sabon alƙalami: a nuna baƙi, a haɗa shi da wasula biyar, ba be bi bo bu, a ɗinka gaɓa da gaɓa su zama kalma. Dattijon da ya yi allo yana ganin wannan ya san gidan da ya shiga. A ƙarshe a jarraba mutum, in ya iya a ba shi takardar shaida. Har yanzu a garuruwanmu akan sami tsohon da zai ce maka bai yi boko ba, yaƙi da jahilci ya yi, kuma yana rubuta lissafin kasuwarsa ba kuskure.

Don kada sababbin masu karatu su koma gidan jiya, aka kafa hukumar NORLA a Zariya a 1954. Ta buga ƙananan littattafai masu arha a kan addini da lafiya da noma da tarihi, wasu da boko wasu da ajami, ana kai su har kasuwannin ƙauye. Kowane lardi ya sami 'yar jaridarsa: Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Bazazzaga ta Zariya, tamu ta lardin Sakkwato, wadda ta haɗa da Gwandu, sunanta Zaruma. Mutum ya karanta labarin garinsu da harshensa. Amma abin bai daɗe ba. Kuɗi suka gaza, aka rufe NORLA a 1959, jaridun larduna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne karo na farko da aka kunna fitilar aka bar ta ba mai.

A makarantun firamare na wancan zamani kuwa, yaro da Hausa yake fara karatu, da littattafai irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, kafin a shigo masa da Turanci. Makarantun ba su da yawa, yaran da suke shiga ba su kai cikin cokali ba, mata kuwa sai tsilli-tsilli. Amma wanda ya gama aji huɗu yakan rubuta wasiƙa.

Ƙarancin nan ne aka so a magance da shirin UPE, wato ilimin firamare ga kowane yaro. A Sakkwato Janar Yakubu Gowon ya yi shelar za a fara shi, a 1974, Janar Obasanjo kuma ya ƙaddamar da shi a watan Satumba 1976. An shirya wa yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. Niyyar mai kyau ce, kuma ƙauyuka da dama a ƙasar Gwandu a lokacin suka fara ganin makaranta a garinsu. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Aka riƙa horar da malamai a gurguje, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 don cike giɓi, ajin da malam zai iya zagayawa ya koma taron da ko sunayensu bai riƙe ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare. Takardar ta faɗi daidai, sai dai ba a bi ta da littattafai da horo ba. Da kuɗin mai suka ja baya a shekarun 1980, albashi ya riƙa makalewa, littattafai suka ɓace daga aji.

Abin da ya maye gurbinsu kowa ya san shi. Malam ya rubuta a allon bango, ya faɗa, yara su amsa baki ɗaya, a maimaita har a tashi. Ana rera musu "ei, bi, si, di" da sunayen Turanci, alhali yaron da aka ce wa wannan baƙi sunansa "si" ba yadda zai yi ya karanta "ciki" ko "cokali". A cikin amon yara sittin, wanda bai san komai ba yana motsa baki ya ɓace. Ƙarshen shekara a ciyar da kowa gaba. An ɗauki amshin makarantar allo, an bar dokar biyawa. Abin takaici, rubutun Hausa na boko yana cikin masu sauƙin koyo: wasula biyar ne, kusan kowane baƙi sautinsa ɗaya, in aka ƙara tagwaye irin su sh da ts da ƙw an gama. Yaron da aka bi da shi daki-daki zai iya kama shi cikin shekara guda.

An ci gaba da kafa hukumomi. Jihar Kano zamanin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, har UNESCO ta yaba mata. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, ta ilimin manya a 1990. An ƙirƙiri jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991. Obasanjo ya je Sakkwato ya ƙaddamar da UBE, shirin ilimin bai ɗaya, a watan Satumba 1999, dokarsa ta fito a 2004. Aliero ta sami jami'ar kimiyya da fasaha a 2006. Duk tsawon wannan lokaci abin da ake ƙirgawa shi ne ajujuwa nawa aka gina da yara nawa aka rubuta a rajista.

Na taɓa zama a wani zaure, wani dattijo ya dawo daga asibiti da takarda a hannu. Ya kira jikansa da ke aji biyar ya ce, "Ɗan nan, zo karanta min takardar ga." Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya dube ta, ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Kaka, ba a koya muna irin wannan ba." Na ɗauka Turancin likita ne ya gagare shi, sai na rubuta masa jimla ɗaya da Hausa a bayan takardar. Ita ma bai iya ba. Dattijon bai yi faɗa ba, ya dai ninke takardarsa ya sa aljihu. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, domin da yamma na ji shi yana biya allonsa tiryan-tiryan. Shekara biyar yana zuwa makaranta, ba wanda ya taɓa kiran shi gefe ya ce karanta in ji.

Sai a 2011 aka yi wannan kiran a hukumance. Ƙarƙashin wani shiri da hukumar USAID ta Amurka ta tallafa a jihohin Bauchi da Sakkwato, aka gwada 'yan aji uku da gwajin da ake kira EGRA. Gwajin ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya yi allo: a zaunar da yaro shi kaɗai, a ba shi baƙaƙe, a ba shi kalmomi, a ba shi ɗan gajeren labari da Hausa, a duba agogo minti ɗaya ana saurare. Sakamakon ya girgiza mutane, domin mafi yawan yaran ko kalma ɗaya ba su iya karantawa ba. Kebbi da Sakkwato kuwa gida ɗaya ne da aka raba da katanga, harshe ɗaya, irin horon malamai ɗaya. Binciken MICS na 2021 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF ya nuna a faɗin Nijeriya kusan yaro ɗaya cikin huɗu ne, tsakanin shekara 7 zuwa 14, yake da tushen karatu.

Daga wannan gwaji aka fito da sababbin shirye-shirye. A Bauchi da Sakkwato aka yi Mu Karanta, a Katsina da Zamfara aka fara RANA a 2015. Bankin Duniya ya kawo shirin BESDA a 2017 ga jihohi 17, Kebbi a cikinsu, kuma koyar da karatu a ƙananan azuzuwa yana cikin ginshiƙansa. Zubinsu kusan ɗaya ne: kowane yaro da littafinsa na Hausa a hannu, malam da jagoran darasi, a fara da sautin baƙi, a haɗa gaɓa, a yi kalma, a karanta ɗan labari a tambayi yaro me ya ji. Malam ya yi, a yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai. Wanda ya tashi a gaban alaramma zai ga babbaƙu da farfaru da biyawa sun dawo cikin sabuwar riga, da ƙarin abu ɗaya mai muhimmanci, wato fahimtar abin da aka karanta. Inda aka bi tsarin sosai an ga yaran da ba sa iya ko kalma ɗaya suna raguwa. Matsalar ita ce wadda ta kashe NORLA: in wa'adin masu tallafi ya ƙare, littafi ya yage, ba a sake bugawa, malamin da aka horar a canza masa wuri.

Batun harshe ma bai zauna ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza a Turanci ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara makarantun gwaji da Hausa a Damagaram tun 1973. A watan Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya, lokacin minista Adamu Adamu, ta amince a koyar da harshen uwa har ƙarshen firamare. A watan Nuwamba 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, a koma Turanci. Iyayen da suke son 'ya'yansu su ji Turanci suna da gaskiya, don da shi ake jarrabawa da neman aiki. Amma yaron Liba ɗan shekara shida da Hausa yake mafarki. In aka ce ya koyi sirrin baƙi da sabon harshe a lokaci guda, an ɗora masa kaya biyu, kuma galibi duka biyun yake zubarwa. Hukuncina shi ne a buɗe masa ido da harshen da yake ji, Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci ko harshen Lelna na ƙasar Zuru, Turanci ya biyo baya a kan tushen da ya kafu.

Gwamnan Kebbi Nasir Idris malamin makaranta ne, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, ya san abin da aji ɗaya yake nufi. Roƙona gare shi da hukumar ilimin firamare ta jiha shi ne kuɗin buga littafin Hausa na aji ɗaya zuwa uku ya shiga kasafin jiha duk shekara, kada ya dogara ga baƙo, a kuma tura ƙwararrun malamai ƙananan azuzuwa maimakon a mai da su wurin ajiye sabon ɗauka. Hedimastocin Maiyama da Jega da Aliero su mai da dokar biyawa: kafin yaro ya bar aji biyu, wani babba ya zauna da shi shi kaɗai ya ji karatunsa. Ku kuma iyaye a Liba, wannan bai buƙaci izinin kowa ba. Yau da dare bayan sallar isha'i, ku kira yaronku, ku sa wanda ya iya ya rubuta masa layi uku da Hausa, ku ce ya karanta kuna ji. In ya kasa, gobe da safe ku tafi makaranta tare da shi.